Hawan Dutsen Sukur

Yau na hau Dutsen Sukur, can Madagali a jihar Adamawa, ta hanyar nan da kakannin mutanen Sukur suka shimfiɗa da duwatsu. Ko rabi ban yi ba na zube ina haki. Sai ga wata tsohuwa da damin dawa a ka, ba takalmi. Ta dube ni ta ce, "Sannu ɗana, sha ruwa tukuna." Ta wuce abinta, ko waiwaye babu.

Da ƙyar na kai. Ga gonaki hawa-hawa kamar matakala, ga fadar Hidi, wato sarkin Sukur, ta zallar dutse, ga tsaunukan Mandara har cikin Kamaru. Tun 1999 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, amma wallahi ni ƙafafun tsohuwar nan nake ta tunawa. Gobe ma sai ta hau.