Wuƙar aljihu mai bakin lauje: abin da nake gaya wa mai saye kafin ya zaɓa

Sana'armu haɗa wuƙaƙen aljihu ce, da gyaransu, da wasa su. A cikin duk abin da ke fita daga hannunmu babu mai cin lokaci kamar wuƙar nan mai lanƙwasasshen baki, wadda ake ninkewa a jefa aljihu, kuma ita ce mutane suka fi ruɗewa wajen zaɓenta. Da yawa siffar ce ke jan su. Ni kuwa tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya nuna ta da yatsa ita ce, me za ka riƙa yankawa?

Wannan wuƙa ta ja ce, ba ta turi ba. Miƙaƙƙiyar wuƙa idan ka ɗora ta a kan ɗanyen reshe ka danna, reshen gudu yake yi, ya sulale ta wajen tsini. Mai bakin lauje kuwa rungumar reshen take yi. Kana jawo hannu, reshen na ƙara shigewa cikin lanƙwasar, kaifi na bi ta kansa daga gindi har tsini, sai ka ga ya faɗi da ja ɗaya. Kuma ka duba wurin yankan: sumul, ba tsagewa, ɓawo bai ɗaye ba. Mai lambu ya san darajar wannan. Yanka mai santsi yana saurin warkewa, wanda aka murƙushe kuwa yana riƙe ruwa, ta nan ruɓa ke samun ƙofa. Shi ya sa masu renon dashe da masu yi wa bishiya aure ba sa rabuwa da ita wajen rage rassa da share tsiron da ke fitowa ƙasan wurin auren. Amma tana da iyaka. Reshe ya fi babban yatsa kauri, a ɗauko almakashin lambu ko zarto, kada a zalunci wuƙa.

A harkar yau da kullum ma tana da wuraren da babu kamarta: igiya, tiyo, bakin buhu, kwali, leda mai kauri, duk abin da ake ɗagawa a ja. Tsininta na kallon ƙasa, saboda haka kana iya tsaga kwali ba tare da ka huda abin da ke ciki ba. Inda take kasawa shi ne yanka a kan katako ko teburi, domin tsinin kaɗai ke taɓa ƙasa, cikin wuƙar yana sama. Fiƙe fensir ma sai da dabara. To wanda yake son wuƙa ɗaya ta yi masa lambu ta yi masa aljihu, ina ba shi mai lanƙwasa kaɗan, wadda kashi biyu cikin uku na bakinta kusan a miƙe yake, sai can gaba ya sunkuya. Tsawon baki santimita 7 zuwa 8 ya isa. Mai zurfin lanƙwasa ta wanda ke wuni cikin itatuwa ce.

Ƙarfe kuma, nan ne ake cutar mutane. Iri biyu muke aiki da su. Akwai ƙarfe mai yawan kabon, irin XC90 da kamfanin Opinel na Faransa ya daɗe yana amfani da shi, mai kabon kusan kashi 0.9 cikin ɗari. Yana ɗaukar kaifi mai ban mamaki, yana da sauƙin wasawa, amma ruwan itace na taɓa shi zai yi duhu, in ka bar shi a jiƙe ya kwana ka tashi da tsatsa. Duhun nan ba aibi ba ne, har ma yana ɗan kare ƙarfen. Tsatsa ja ita ce abin gudu. Sai kuma ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda dole sinadarin kuromiyom da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. A cikinsu na fi yarda da 12C27, ƙarfen Suwidin da aka fi sani da sunan kamfanin Sandvik, saboda ƙwayarsa lallausa ce, yana karɓar siririn kaifi ba ya ɓarewa. Wanda ya san ba zai riƙa goge wuƙa bayan aiki ba, wannan nake miƙa masa, ko da ransa na kan ɗayan.

Sai dai sunan ƙarfe rabin magana ne. Sauran rabin yana wurin wuta. Maigidan da ya koya mini aiki bai bar ni na taɓa aikin gasa ƙarfe ba sai da na daɗe ina goge-goge da share ƙura, har na fara zaton ya manta da ni. Ranar da ya kira ni, rufe taga ya yi wurin ya yi duhu, ya ce, "Yaro, bar kallon hannuna, kalli launi." Ƙarfe mai kabon ana kai shi wajen digiri 800, ya yi ja, har maganaɗisu ya daina kama shi, a tsoma cikin mai. A lokacin ya yi tauri amma yana iya fashewa in ya faɗi ƙasa. Sai a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, har fuskar ta ɗauki launin ɗorawa-ɗorawa, sannan ya samu jimiri. Bakin lauje ya fi kowanne wahala a nan, domin tsinin siriri ne, yana riga gindin yin zafi, kuma lanƙwasar na son murɗewa a cikin mai. Maigidan yakan ɗauki magagari ya goga a bakin wuƙar da na gama, ya kasa kunne. In magagarin ya zame da ƙara siririya, alamar ta yi tauri ke nan, sai ya ajiye ta dama. In ya ci ƙarfen, sai hagu, ba tare da ya ce uffan ba. Yau muna da tanda mai auna zafi, muna neman tauri tsakanin 57 da 59 a ma'aunin Rockwell, amma har gobe ba wuƙar da ke barin wurinmu sai ta sha magagari.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu jabu. Sukan ɗauki siffar wuƙa mai kyau su kwafe ta tsaf, har da launin mariƙi, su buga ta da ƙarfen da bai ga wuta yadda ya kamata ba, su zana lambar ƙarfe a jiki kamar gaske. A hoto ba ka bambance su. Mako guda a lambu bakin ya naɗe. Sai a kawo mana gyara, a ce mu wasa, alhali ƙarfe mai taushi ko ka wasa shi ya aske gashi, reshe uku zai dakushe. Kuma mai ita ne zai tsaya yana ciniki da mu, yana cewa ai ya ga irin tamu da araha. Irin siffar ya gani, Malam, bai ga irin aikin ba.

Bayan ƙarfe sai mahaɗa, wato ƙusar da baki ke juyawa a kanta. Buɗe wuƙar, ka kama tsini da yatsu biyu ta baya, ka girgiza hagu da dama. In ka ji motsi, ajiye ta. Yankan ja yana ɗora nauyi mai yawa a wannan ƙusa, ƙaramin motsi na yau gobe ya zama babba. Rufe ta kuma ka duba tsinin. Wannan ita ce matsalar da ta keɓanta da bakin lauje: in ba a fafe mariƙin da zurfi daidai da lanƙwasar ba, tsinin zai leƙo waje, ya yaga aljihu ko ya kama yatsa lokacin da ka sa hannu neman makulli. Masu kwafe ba su cika kula da wannan ba, domin fafe mariƙi aikin haƙuri ne. Mu kowanne da hannu muke gwada shi, a rufe a buɗe, a rage kaɗan, a sake gwadawa.

Maganar kulle baki kuwa, akwai masu sifirin kawai ba kulle, irin na masu lambu na da, kamar waɗanda kamfanin Tina na Jamus ke yi. Ga yankan ja sun wadatar, tunda ƙarfin aikin buɗe wuƙar yake ƙara yi. Haɗarin yana zuwa ne in baki ya maƙale a itace ka tura gaba don ka zare. Akwai masu kulle ta baya, wanda wuƙar Buck 110 ta yaɗa shi a duniya daga 1964, da kuma zoben da Opinel suka ƙara wa wuƙaƙensu a 1955, wanda ake murzawa ya tare baki. Ina son zoben nan don sauƙinsa, ƙasa ta shiga ka wanke ka ci gaba. Kulle mai ƙananan sassa da yawa ba na lambu ba ne, yashi kaɗan ya isa ya hana shi kamawa. A kuma bincika dokar inda ake zaune kafin a sa wuƙa a aljihu. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya ɗauki wuƙa mai ninkewa ba tare da ba da dalili ba in bakinta bai wuce inci 3 ba, kuma kotuna sun ce mai kulle ba ta cikin wannan sassauci. A Jamus an hana yawo da wadda ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, sai da dalili karɓaɓɓe.

Matasa sukan zo neman karambit, wata wuƙa mai lanƙwasasshen baki da zobe a gindi, wadda asalinta daga Indonesiya ne. A can ma daga kayan gona ta samo tushe, amma waɗanda ake bugawa yanzu an kaurara bayansu an yi su don burgewa. Kaurin nan tsaga reshe yake yi maimakon ya yanka. Ba ma yin su.

Mariƙi nake so ya cika hannu, gindinsa ya ɗan kumbura ya karkato, don in ka ja kada wuƙar ta zame, musamman hannu da gumi ko laka. Katako ya fi daɗin riƙo kuma ba ya sa kanta a hannu da wuri, sai dai yana shan ruwa ya kumbura ya riƙe baki. Muna jiƙa namu da mai mu bar su su sha kafin a haɗa. Itacen da muke saye ma sai mun ajiye shi ya ƙara bushewa, domin masu kawowa sukan rantse busasshe ne, ka fafe ka haɗa, bayan wata biyu ya tsuke ƙusa ta saki.

Wasawa ita ce inda da yawa ke karaya, kuma gara mutum ya sani tun kafin ya saya. Shimfiɗaɗɗen dutse ba ya shiga cikin lanƙwasa, gindi da tsini kawai zai ci, a hankali ya lalata siffar. Abin da ake bukata sanda ce mai zagaye, ta tangaran ko mai garin lu'ulu'u, in babu a naɗa samfefa mai laushi a jikin sanda mai kaurin yatsa. A riƙe kusurwa wajen digiri 15 zuwa 20, a bi lanƙwasar daga gindi zuwa tsini ana juya wuyan hannu, har a ji ɗan gashin ƙarfe ya taso ta ɗaya gefen, a juya, sannan a goge a kan fata. A duba kuma ko gefe ɗaya aka fiƙe bakin, kamar yadda ake yi wa wuƙaƙen auren bishiya. In haka ne gefen nan kaɗai ake wasawa, bayan a shafa shi kwance kawai, kuma bahago sai ya nemi tasa daban. Duk wanda ya sayi wuƙa a wurinmu sai mun zaunar da shi ya wasa ta sau ɗaya a gabanmu. Bayan aiki a goge ƙaro, in an yanka bishiya mai cuta a shafe baki da sifirit kafin a taɓa wata, a ɗiga mai a mahaɗa, a bar ta a buɗe ta bushe kafin a ninke.