Dalmar tana cikin saiwa

Fadamata tana bakin Binuwai, a ƙasan Garwa. Shekaru aka yi ana fasa tsofaffin baturan mota a saman tudu, ruwan sama yana wanko dalma yana zubo mana cikin kwari. Ranar da awon ƙasa ya fito na daina alayyahu da latas nan take. Duk wanda ya ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu, ba zai sayar wa mutane ganyen wannan wuri ba.

Shawarar da aka ba ni ita ce kachalla, wai tana zuƙe ƙarfe daga laka. Maƙwabcina ya riƙe baki. Ya ce, “Malam, ciyawar da ta toshe magudanan Haɗejiya da Nguru, ta tara wa manoma tsuntsayen jan-baki, ita za ka dasa da hannunka?” Na ce masa, “Baba, zan yi mata iyaka.” Na haƙa kwalbati kewaye, ina sare kanta kafin ta yi fure. Ta kama kuwa, ta fi mutum tsawo.

Ina ta yanka ganye ina kwashewa, ina murna gona na wankuwa. Da aka sake awo, dalmar tana nan kusan yadda take. Ashe kachalla a saiwa take ɓoye yawancin abin da ta sha, kaɗan ne ke hawa ganye. Wanda ya ba ni shawarar bai taɓa faɗa mini haka ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Kuɗin 'yan ƙwadago, kuɗin awo, ga damina ta wuce ban sayar da ko ɗauri ɗaya na alayyahu ba!

Sai da muka shiga laka da fartanya da diga. Saiwar fara ce, mai kauri, ta saƙa kanta a ƙasa kamar tabarma, in ka bar guntu ɗaya sai ta sake tofowa. Nan ne aikin yake, ba a sama ba.

In za ka gwada, ka tanadi inda za ka kai saiwar tun kafin ka dasa, domin dalma ba ta ruɓewa, wuri kawai take sakewa. Kada ka ƙone, tokar ta fi ƙasar guba. Kada ka yi taki da ita, kuma ka tsare awaki, ni sai da na yi shinge da ƙaya. Tawa tana nan a rami mai leda, nesa da rijiya.

Awon bana ya nuna dalmar ta ɗan ragu. Ganyen miya dai ba yanzu ba. Da rani zan sake tonon saiwa.