Abincin bakin titi a Alƙahira: me za ka ci, me za ka yi hattara da shi

Wanda ya je Alƙahira karatu ko jinya ba ya fama da tambayar halal kamar wanda ya je Sin. Abin lura shi ne ko abincin yanzu ya sauka daga wuta ko ya daɗe a ajiye.

Fara da koshari, shi ne mai sauƙi: shinkafa, makaroni, ƙananan wake da suke kira adas, miyar tumatir da soyayyiyar albasa a sama. Kan teburi za ka tarar da kwalabe biyu. Dakka ruwan khal ne da tafarnuwa, ita ka zuba yadda kake so. Shatta kuwa yaji ce mai zafi, rabin cokali ya isa har sai ka ɗanɗana.

Kibda Iskandarani hanta ce da ake yankawa siri-siri, a soya da tafarnuwa da koren barkono, a cusa cikin dogon burodi, a matsa lemun tsami. Minti kaɗan take yi a wuta. Tsaya a soya taka a gabanka, domin wadda aka tara a gefen kasko tun ɗazu ta yi tauri, kuma ɗumi-ɗumin nan ne ƙwayoyin cuta ke so. Haka mombar, hanjin da aka ɗura wa shinkafa da ganye, aka dafa sannan aka soya. Idan ba a wanke hanjin da kyau ba, hancinka zai gaya maka kafin bakinka. Za ka same shi a unguwannin Sayyida Zainab da Husaini. Ruwan rake a matse maka shi, kada a sa ƙanƙara, ka shanye nan take, don yana fara yin duhu cikin 'yan mintuna.

Fesikh ne inda nake cewa a ja birki. Kifi ne da ake kira buri, ana shanya shi da kayan cikinsa har ya kumbura, sannan a jera shi a ganga da gishiri na makonni, kuma ba a dafa shi. An fi cin sa a bikin Shamm al-Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kiɓɗawa (Kiristocin Masar), da ɗanyar albasa da lemun tsami. Idan gishirin bai ratsa ba, rashin iska a gangar yakan ba wata ƙwayar cuta damar fitar da guba mai shanye jijiyoyi, kuma wari ba ya nuna ta, tunda mai kyaun ma warinsa ya isa. A 1991 mutum 18 suka rasu a Alƙahira ta wannan hanya. Alamun sukan bayyana cikin awa 12 zuwa 36: ganin abu bibbiyu, nauyin fatar ido, wahalar haɗiya. Da ka ga haka, sai asibiti, kuma ka faɗa wa likita fesikh ka ci. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu, gishirinsa kaɗai ya isa su haƙura.