Guntun fata ma da kuɗinsa

Ni baduku ne ɗan baduku, a Tawa aka haife ni, a nan kuma rumfata take. Muna ɗinka takalma da alabe da jakar mata da kuben wuƙa, tintimi ma muna yi idan an ba mu aikinsa. Duk shekara da an rufe lakkwal, daga Yuli har a koma a Oktoba, rumfar cika take yi da yara. Iyayensu ke kawo su don su koyi riƙon basilla maimakon yawon gari. Ina karɓa, amma tun a bakin ƙofa nake gaya wa uban yaro cewa bayan ɗinki zai koyi lissafin kuɗi, kuma shi ne mai sa kuka.

Dokar rumfata ta farko, guntayen fatar da ke zuba ƙarƙashin wuƙata ba na bai wa yaro kyauta. Sayar masa nake yi, tuli guda dala ashirin. In ba shi da ko tamma, in ba shi bashi mu rubuta a kaye, ya sa hannu da kansa. Mutane na cewa rowa ce. Su yi ta faɗi. Na ga yaron da aka bai wa fata kyauta, yankan hauka yake mata, rabi ya tafi a shara. Wanda ya biya dala ashirin kuwa sai ya juya guntun nan sau biyar, ya auna, ya sake aunawa, kafin ya ɗora wuƙa.

Haka aka yi mini. Ƙanen mahaifina ne ya koya mini aiki, muna ce masa Baba Ƙarami, mutum ne marar yawan magana. Shekara guda cur ban ɗinka komai ba sai murza zare da kakin zuma da share rumfa. Ranar da ya fara zuwa da ni wurin majema, ya ɗauko fata ya miƙo mini ya ce in shinshina. Ya ce in ninka ta in matse. Sannan ya ɗan yanki gefenta ya nuna mini cikin yankan: in akwai farin layi a tsakiya, bagaruwar da ake jeme fata da ita ba ta ratsa ba, ɗanyar fata ce aka yi wa ado, da ta sha ruwa ta bushe za ta ƙandare ta tsage. Fatar jar akuyar Maraɗi ita ce sarauniya a wurinmu, ga laushi ga ƙarfi, ka fere ta har ta yi kamar takarda ba ta yage ba. Jan launi daga karan dafi muke samunsa, baƙi kuma daga ruwan da aka jiƙa tsohon ƙarfe a ciki, yana taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta rine nan take. Har yau da waɗannan nake aiki, kuma bakin takalmina da hannu ake ɗinke shi, ɗinki biyu, ba shafa gam kawai ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in mutum ya shigo ya ɗaga takalmina ya ce ai ya ga irinsa a kasuwa da rabin kuɗin. Irinsa ina? Roba ce aka yi wa zanen fata, aka manna da gam. Bari watan Afrilu ya zo, ƙasar Adar ta ɗauki zafi, ka gan shi tafe da takalmi ya wangame baki, kuma wurina zai kawo gyara.

Wannan ciniki ma darasi ne, don haka nake zaunar da yara kusa su ji. A lakkwal mushe, wato malamin aji, ya koya musu ƙirga da faransanci, sefa ɗaya-ɗaya, kasuwa kuwa da dala take magana, kowace dala sefa 5. Yaro mai maki mai kyau a aji sai ka ce masa dala saba'in ya tsaya yana kallon sama kafin ya gano 350 ake nufi. Sai mun yi sati muna wannan kafin in bar shi ya fita da kaya. Bayan haka sai kalmar da ta fi kowace wuya a bakin yaro: albarka. An hore shi kada ya musa wa babba, to ga dattijo ya taya kayansa ƙasa da abin da ya kashe. Nakan ce masa, ka durƙusa in ka ga dama, ka ce albarka Baba, a ƙara dai. Ba rashin kunya ka yi ba.

Akwai wani yaro ɗan shekara 13, shekarun baya kaɗan, hannunsa na da kyau ƙwarai. Ya sayi guntaye ya yi maƙalan makulli da ƙananan alabe, ya kai kasuwar Lahadi ya sayar tas, ya dawo da jika ɗaya da rabi, wato sefa 1500, yana ta washe baki. Na ce ya ware uwar kuɗi a gwangwani ɗaya, ribar a wani, kamar yadda kowa ke yi a nan. Ya ce to. Da dare ya je fada, ya sayi shayi da sukari ya yi wa abokai bajinta, sauran ya zuba a waya. Litinin ya zo hannu rabbana.

"Baba, a ba ni tuli guda, in na sayar in biya."

"Ina uwar kuɗinka?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce bashi na wanda bai taɓa samu ba ne, kai ka samu ka cinye. Ga tsintsiya, ga zare, sati guda kana yi mini aiki, ladanka shi ne jarinka. Da la'asar sai ga uwarsa. Ta ce, "Haba Malam, a kan dala ashirin za ka sa yaro kuka? Ga ta, ni na biya." Na ce, "Ki yi haƙuri ki mayar da kuɗinki, uwar ɗaki. In kika biya yau, ke za ki yi ta biya har ya yi gemu." Ta tafi ba ta ji daɗi ba, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ba don mugunta na yi ba. Ina saurayi a Janairun 1994 aka karya darajar sefa, aka raba ta biyu. Zare da gam da ƙarafunan jaka, duk abin da ke zuwa daga waje, kuɗinsa ya yi tsalle. Dukawan da suka saba cin jari da riba a kwano guda suka rufe rumfuna, wasu suka bi hanyar Abijan kamar yadda Adarawa suka saba. Baba Ƙarami ya jawo wata tsohuwar zabira daga ƙarƙashin gado, abin da ya yi shekaru yana warewa, ya sayi kayan aiki muka ci gaba. Ranar ce na daina ganinsa marowaci.

Yanzu ma zancen samari ke nan, Libiya, Aljeriya, Abijan. Ba na hana kowa, ƴan'uwana da yawa da cin rani suka gina gidajensu. Abin da nake so, in yaro zai tafi ya tafi da sana'a a hannu da sanin inda kuɗinsa ke shiga. Ƴan matan gidanmu sun riga mazan gane wannan. Ɗiyar ƙanwata da ƙawayenta huɗu, masu yi mana tufkar igiyar jaka, adashi suke zubawa duk Juma'a, kuma ba a taɓa kawo mini ƙararsu ba.

Yaron nan kuwa ya yi satinsa na shara, ya sayi tulinsa. Bana shekararsa 16, wasu daga alabensa na cikin kayan da nake aika wa masu shaguna a Wadata, can Yamai, ban kuma taɓa jin an ce an bambanta su da nawa ba. Makon jiya ya ce ya gaji da guntaye, fata sukutum yake so da kuɗinsa. Na raka shi wurin wani majemi da ya sha cusa mini aikin gaggawa, na koma gefe na yi shiru. Ya shinshina, ya ninka, ya roƙi wuƙa ya ɗan yanki gefe. Ga farin layi nan ɓaro-ɓaro. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Baba, a ɗauko mini wata."