Na je biki Akra, na faɗa hannun 'yan jita

Ɗaurin auren 'yar wani aminin marigayi mahaifinmu ne ya kai ni Akra. Tun zamanin fataucin goro zumuncin gidajen biyu ya ƙullu, kuma tunda ni ne babba a gidanmu yanzu, ba ni da hanyar zillewa. Sana'ata a Kano hayar kayan sauti ce, lasifika da amfilifaya da makirfo, ina kai su gidajen biki da wajen wa'azi. Shi ya sa duk garin da na shiga kunnena ke riga idona fara aiki.

Ta ƙasa na bi, daga Legas zuwa Kwatano, zuwa Lome, sannan Aflao. Ba zan gajiyar da ku da lissafin shingayen hanya ba, amma akwai wani jami'i a ɗaya daga cikin iyakokin nan da har yanzu in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Fasfo ɗina lafiya, katin rigakafin shawara lafiya. Da ya rasa abin kamawa sai ya zuge jakata ya ci karo da kilishin da na riƙo tsaraba. Ya ce doka ta hana shiga da nama. Na ce to, a bi doka. Sai ya yage ƙullin a gabana, ya ɓalli rabin falle ya jefa baki, ya miƙa wa na kusa da shi saura, ya yi mini nuni da hannu na wuce. Ko kallon fuskata bai yi ba. Da ma roƙa ya yi, wallahi da na ba shi da daɗin rai.

Baba, mai masaukina, a unguwar Nima yake zaune, kuma ya huce mini takaicin hanya tun daga bakin ƙofa. Dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo, ya ce ɗakinsa nawa ne, duk magiyar da na yi ya ƙi saurara. Da asuba koko mai yaji da ƙosai, da hantsi shinkafa da waken nan nasu da ake dafawa da ganyen dawa ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da dafaffen ƙwai da baƙin yajin da suke kira shito. Abincin ba laifi, sai dai Akra gari ne mai cin kuɗi. Duk abin da na saya sai na juya sidi zuwa naira a zuciyata, na ji gabana ya faɗi, har Baba ya ce in daina lissafin nan kada na rame kafin ranar biki. Abin da ya burge ni kuwa layi. A tashar motocin haya da suke kira torotoro mutane na jeruwa ɗaya bayan ɗaya, ba ture ba zagi. A Bata ko Kwanar Ungoggo in ka tsaya bin layi sai dai ka kwana a titi.

Daren farko muna hira bayan isha'i sai wata ƙara ta taso daga ɗakin baya, kamar injin markaɗe ya haɗiye cokali. Na miƙe zumbur, don a sana'armu wannan sautin na nufin lasifika na shirin ƙonewa.

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Autana ne. Na kai shi jami'a ya karanto lissafin kuɗi, ya dawo mini da wannan bala'i."

Na leƙa na tarar da saurayi ɗan shekara ashirin da kaɗan rungume da jitar lantarki, yana taka wata 'yar na'ura da ƙafa. Na ce masa amfilifayarsa ta samu matsala, ya kawo in duba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, lafiyarta ƙalau, haka ake son ta." Wato sautin da nake kwana ina kora daga kayana, shi kuɗi ya tara ya saya. Nan ya zaunar da ni ya fara wa'azinsa: kiɗan rok ya dawo, matasan duniya sun gaji da kiɗan kwamfuta. Ya ce 'yan'uwan nan biyu na ƙungiyar Oasis ta Manchester da suka ɓata tun 2009 sun shirya, sun fito yawon wasa a 2025 filayen ƙwallo suna cika. Linkin Park ma ta farfaɗo a 2024 da sabuwar mawaƙiya. Ya ce a TikTok yara na tono waƙoƙin da suka girmi iyayensu. Na ce wannan duk labarin Turai ne, a Akra fa? Ya ce in bi shi in gani.

Kantamanto ya fara kai ni, babbar kasuwar gwanjo da ke tsakiyar gari, wadda gobara ta cinye kaso mai yawa nata a farkon Janairun 2025, 'yan kasuwa suka sake kafa rumfunansu. Dila-dilan tufafi daga Turai da Amurka ake kwancewa a nan, kuma gaskiyarsa, akwai masu teburin da ba sa sayar da komai sai baƙaƙen riguna masu sunayen ƙungiyoyin rok: Nirvana, Metallica, AC/DC. Samari na rububi, kuma wadda ta fi koɗewa ita ta fi tsada, abin da hankalina ya kasa ɗauka. Na taya wa ɗana guda. Mai kaya ya ce sidi 120, wai tsohuwar ajiya ce. Na ce ai tsufan ne ya sa zan ba shi 30. Muka yi ta ja, na tafi ya kira ni, muka ƙare a 45, autan Baba na ta jan rigata wai na ba shi kunya. Su mutanen Akra ciniki suke da ladabi, mu kuwa da rantsuwa. Kafin mu bar wurin na tari wani yaro Bahaushe sanye da rigar Nirvana, na tambaye shi ko yana jin waƙarsu. Ya ce, "Waƙa kuma? Ai kamfanin ɗinki ne." Ƙungiyar da ta watse tun 1994, kafin a haife shi. Autan Baba ya kau da kai bai ce uffan ba.

Abin mamakin yana gida ashe. Da na ba Baba labarin da daddare sai ya yi ta dariya har da tari, sannan ya rage murya don kada Hajiya ta ji. Ya ce ranar 6 ga Maris 1971, ranar bikin 'yancin kan Gana, ya sulale daga makarantar dare ya tafi dandalin Black Star, inda aka kwana ana wasan da ake kira Soul to Soul. Wilson Pickett ya zo, Ike da Tina Turner sun zo, ga kuma Santana, wanda Baba ya ce jitarsa ta hana shi barci mako guda. A zamanin kowace unguwa da 'yan kiɗanta, samari sun tara suma, wando mai faɗin ƙafa na sharar ƙasa. Osibisa, wadda 'yan Gana uku suka kafa a Landan a 1969 tare da abokansu 'yan Karibiyan, ita ce abin alfaharin kowa, don ta haɗa kiɗan Gana da ake kira hailaif da rok ta kai shi kasuwar Turawa.

"To me ya kashe abin, Baba?"

Ya ce soja da talauci. Bayan Rawlings ya karɓi mulki a ƙarshen 1981 aka sa dokar hana fitar dare da ta ɗauki sama da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu. Aka kuma lafta wa kayan kiɗa harajin shigowa mai nauyi. Makaɗa suka watse, wasu Legas, wasu Landan, wasu Hamburg ta Jamus, waɗanda suka rage suka shige coci don can ne kaɗai kayan aiki suka saura. Da matasa suka dawo fage a shekarun 1990 da salon hiplaif, wato haɗin hailaif da hip-hop, kwamfuta da makirfo sun ishe su. Na ce to me ya sa yake faɗa da autansa? Ya ce, "Ni na yi nawa na tuba. Kuma mu namu kiɗa ne, nasa ihu ne." Hajiya kuwa damuwarta zanen ƙoƙon kan mutum da ke jikin rigunan yaron da hoton ƙungiyar Dark Suburb, 'yan rok na Akra masu rufe fuska da abin rufe fuska mai siffar ƙwarangwal, da ya manna a bango. Ta sa shi ya cire hoton kafin baƙin biki su fara zuwa. In zai tafi masallaci jallabiya yake zurawa a kan rigar.

Maganar cocin nan na gan ta da idona. Autan Baba da abokansa ba su da ganguna, ba su da ɗakin gwaji, sai suke aron kayan wani ƙaramin coci a ranakun da ba ibada, don mai buga musu ganguna a nan yake kiɗa ran Lahadi. Ɗan Musulmin Nima a cikin coci da rana tsaka yana kaɗa jita, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi. Ban san yadda za a kwashe ba in a garinmu ne. Mai gangunan ya fi autan Baba natsuwa. Ya ce mini kada in ruɗu: ko a Amurka tun 2017 alƙaluman sauraro suka nuna hip-hop da R&B sun sha gaban rok, kuma masu cika filayen Oasis da yawansu iyaye ne masu albashi da ke neman ƙuruciyarsu. Ya ce shi coci ke ciyar da shi, sai bukukuwan jana'iza inda ake neman masu hailaif. Rok kuwa daga aljihunsa yake kashe masa.

Ran Asabar da dare suka ja ni wani ƙaramin gidan wasa a Osu. Sidi 100 kuɗin shiga, lemon kwalba kuma ninki uku na farashin kanti, abin da na kira fashi da rana ko da yake dare ne. Mutanen ciki ba su fi cikin babbar motar haya ɗaya ba, rabinsu ma 'yan uwan masu wasan ne da wasu Turawa. Mai haɗa sautin ya cika ƙara, murya ta nutse, makirfo na kuka. Na daure na daure, daga baya na matsa na ce ya ba ni wuri, na rage masa abin da ya kamata, ya yi ta godiya. To a nan ne na ji abin da yaran nan ke nufi. Mutum huɗu, ba kwamfuta, ba faifan da ke tafiya a ƙarƙashi, in ɗaya ya kuskure kowa ya ji. Gangar ƙafa na dukan ƙirjinka. Samarin gaba suka fara tsalle suna bangazar juna, na ɗauka faɗa ne, ashe rawar ke nan, wanda ya faɗi a ɗaga shi a rungume. Ban iya rawar ba kuma ba zan koya ba, amma rabon da in ga yara na zufa a kan kayan kiɗa haka na manta. A Kano yanzu mutum ɗaya ne da fiyano da kwamfuta ke haɗa waƙa sukutum, a wajen biki kuma mai sa kiɗa ya zo da filashi a aljihu, an gama.

Muna fitowa sai ga layi ya miƙe a ƙofar wani gidan rawa da ke gaba kaɗan, inda amapiyano da afrobit ke tashi, ya ninka mutanenmu sau ban san adadi ba. A torotoro, a shagon aski, a wajen mai shayi, ban ji rok ko sau ɗaya ba. Don haka hukuncina, kuma na faɗa wa autan Baba a fuskarsa: a jikin riga rok ya dawo, a kunnen jama'a bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne kwaɗayin wasu 'yan tsirarun matasa na riƙe kayan kiɗa da hannunsu, kuma tsadar kayan ce ke danne su.

Bai yi musu ba, sai ya ciro waya ya ce in saurari wani abu. Jita ce ke gudu kamar za ta tsinke, na ɗauka wani Bature ne. Da na duba sai ga mutum da rawani yana kaɗawa da hannun hagu. Mdou Moctar, Buzun Nijar, wanda kundinsa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara kafin Turawa su gano shi. Ya ƙara mini da Bombino ɗan Agadas, da Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012. Ya ce su samarin zango wannan ne ya fi shiga ransu, don sun ga mai rawani da salla a kan dandalin rok. Maƙwabtanmu ne na ƙofar gida, amma sai da na je bakin teku wani yaro ya nuna mini su.

A Zongo Lane, layin masu kayan lantarki, na samu tsohuwar amfilifaya mai kyau a farashin da ya fi na Sabon Gari sauƙi, bayan na sa mai shagon ya buɗe cikinta na duba. Juma'a mun yi ta a babban masallacin ƙasa na Kanda, ginin Turkawa da aka buɗe a 2021. Aka ɗaura aure lafiya, aka ci aka sha, mai sa kiɗan bikin kuwa waƙoƙin finafinan Kano ya yi ta saki.

Kumasi na leƙa a gurguje don gaida dangi a Aboabo. Kasuwar Kejetia ta fi ƙarfin ƙafata. Garin Teddy Osei ne, jagoran Osibisa da ya rasu a Janairun 2025, amma abin da ke tashi a kowane lungu asaka ne, salon rap na samarin garin. Ruwa ya yi mana duka a hanyar dawowa, motar ta lalace kusa da Nkawkaw.

Ina isa Kano saƙon autan Baba ya riske ni, wai in nemo masa gurmi yana so ya sa masa lantarki. Na tambaya a Kurmi an ce sai dai in ba da aiki a haɗa, kuma har yanzu ban samu mai zuwa Akra da zai yarda ya riƙe masa ba.