Garwa, ranar Asabar: akwatin Baba mai hoto

Yau Baba ya yarda ya buɗe mini akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadonsa. Tun zamanin Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, yake sana'ar hoto a garin nan, har wayar hannu ta zo ta rufe masa shago. Da murfin ya ɗaga sai wani warin tsami ya buge ni. Gabana ya faɗi, don na san alamar: negatif ne, wato fim ɗin kyamara da ake wanko hoto daga jikinsa, ya fara lalacewa. Zafi da raɓar damina ke cinye shi, ya nannaɗe, ya manne da ɗan'uwansa. Zafin Garwa kuwa ba sai an ba kowa labari ba.

Na ware masu warin gefe guda, domin suna ɓata na kusa da su. Sauran na riƙa ɗora su kan farar fitila, in ɗauke su da kyamarata, in juya baƙi ya koma fari a kwamfuta. Aikin na cin rai, amma da fuska ta fito sai Baba ya matso. Ga amarya da lallenta, ga masunta a bakin Binuwai, ga samari sun jingina da sabon keke. "'Yata, tsaya," in ji shi, "wannan ranar hawan salla ce." Nan na kunna rikoda. Muryarsa nake so ta ɗauki fim ɗin da nake shiryawa a kansa gaba ɗaya, ni ba zan ce uffan a ciki ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Malick Sidibé, mai hoto na Mali, irin aikin Baba ya yi, bukukuwa da samarin unguwa. An adana negatif ɗinsa, duniya ta gani, har aka ba shi babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venis, a Italiya, a 2007. Bamako na da bikin hotuna tun 1994. Mu a nan arewacin Kamaru, masu hotonmu na tsufa, 'ya'ya na zubar da akwatunan a bola don ba su san darajarsu ba.

Wuta ta ɗauke da la'asar, dole muka tsaya. Gobe in Allah ya kai mu zan zo da ambulan na takarda, a raba su da ledar da ke riƙe musu gumi. Baba ya ce akwai wani akwatin a gidan ƙaninsa a Marwa.