Ƙoƙon kai munafuki ne

Wayoyi 64 muka manna wa wani ɗan ajinmu a ka, man manna wayoyin duk ya ɓata masa suma, muna haska masa fitila. Na'urar EEG, mai auna wutar ƙwaƙwalwa ta waɗannan wayoyi, ta kama wutar ƙwaƙwalwarsa kafin ƙiftawar ido. To daga ina ta taso? Ƙashi ya watsa ta ko'ina. Sai da na ɗora hoton MRI na kansa, wato hoton da ke nuna cikin kai, a kwamfuta, na ware fata da ƙashi da ƙwaƙwalwa, sannan lissafin ya nuna ƙeya, inda sashen gani na ƙwaƙwalwa yake. Ita fMRI, na'urar da ke gano inda ƙwaƙwalwa ke aiki ta bin inda jini ya taru, ta san wuri sarai, amma jini kan ɗauki kamar daƙiƙa 5 kafin ya taru. Wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba, shi kuwa har yanzu yana bina kuɗin aski.